Lamba, Sa Hannu da Sura: Nazarin Bugaggun Zanen Jiragen Sama na Yaƙi

1. Gabatarwa

A Ingila da Amurka akwai wata sana'a da ta yi ƙarfi tun daga wajen shekarar 1980, wadda ba a cika jin labarinta a ƙasashen nan ba. Mai zane ya kan zana jirgin sama na yaƙi da fenti bisa ƙyalle, sa'an nan kamfani ya ɗauki hoton zanen ya buga shi bisa takarda mai kauri, kofe 500 ko 850 ko 1,250, ya yi alkawarin ba zai ƙara ko ɗaya ba. A gindin ko wane kofe a kan rubuta lambarsa da fensir, kamar a ce 37/850, watau na 37 cikin 850. Mai zanen ya sa hannu, kana a nemo tsofaffin matuƙan da suka yi yaƙi da irin wannan jirgi su ma su sa nasu. Masu sha'awa su kan saya su tara. Waɗansu su rataya a bango, waɗansu kuwa su adana a kwance cikin akwati don kada haske ya taɓa, suna jiran ranar da kuɗin zai hau.

Manufar wannan maƙala ita ce a auna waɗannan bugaggun hotuna da ma'aunin da a ke auna aikin fasaha. Abu uku ne mai saye ya ke biyan kuɗinsu cikin takarda ɗaya: lamba, da sa hannu, da surar da aka zana. Za a bi su ɗaya bayan ɗaya, a ga abin da ko wanne ya ke tabbatarwa da abin da ba shi da ikon tabbatarwa. Maganar ta shafi malamai masu koyar da tarihi da adabi, domin irin waɗannan hotuna, tare da sinima, suna cikin abubuwan da suka gina surar da jama'a ke hange a zuci in an ambaci yaƙin sama na 1939 zuwa 1945. Abin da ke koya wa mutane tarihi ba tare da sun ankara ba kuwa ya cancanci a bincike shi.

2. Lamba

Tun asali kayan aiki ne suka tilasta ƙayyade yawan bugu. A zamanin da mai zane ya kan sassaƙa surarsa a jikin allon jan ƙarfe, ya shafa tawada, ya danne takarda a kai da injin matsa. Jan ƙarfe kuwa yana da taushi, saboda haka ko wane matsi yana cinye kaɗan daga kaifin layukan, har a kai inda kofen baya ba ya kama ƙafar na farko wajen kyau. Mai sayen da ya nace sai kofen farko-farko yana da hujja, gama ido na iya ganin bambancin. Da cinikin ya bunƙasa a Landan, sai masu sayar da bugaggun hotuna suka kafa ƙungiya a 1847, wadda ta riƙa buga hatiminta bisa kofen farko don a tabbatar mai bugawa bai wuce adadin da ya faɗa ba. Bayan 1880 kuma James Whistler, Ba'amurke mazaunin Landan, yana cikin waɗanda suka yaɗa al'adar sa hannu da fensir a gefen takarda, ya kuwa sayar da masu sa hannu da tsada fiye da marasa shi.

Jirgin sama ya shiga wannan fage tun a Yaƙin Duniya na Farko. A 1917 Gwamnatin Ingila ta sa masu zane suka yi mata hotuna 66 na bugun dutse, don nuna ƙoƙarin ƙasar a yaƙi. Bugun dutse shi ne a zana sura da alli mai maiƙo, a sa ta bisa shafaffen dutse, tawada ta kama inda maiƙon ya ke ta ƙi inda ruwa ya jiƙa. Shida daga cikin hotunan na C. R. W. Nevinson ne, bisa ƙera jirage da tashi da su. Akwai mai nuna masu haɗa inji, da mai nuna mata suna walda, da mai nuna abin da mutum ke gani daga kujerar baya sa'ad da jirgi ya karkata a tsayin ƙafa 4,000. A irin wannan aiki hannun mai zanen ne ya yi surar da aka buga, takardar da ta fito daga injin kuwa ita ce aikin kanta.

Bugaggun hotunan da a ke tarawa yanzu sun sha bamban da wannan. Ainihin aikin shi ne zanen fenti guda ɗaya da ke rataye a wani wuri. Abin da a ke sayarwa hotonsa ne, an rarraba launukansa huɗu ko fiye, an buga da irin injin da ke buga kalanda da bangon littafi. Kofe na 850 daidai ya ke da na farko, injin kuwa zai fitar da dubu goma bai gaji ba. Tun wajen 1991 ma aka sami bugun feshi, inda kwamfuta ke sa inji ya fesa tawada bisa takarda ko ƙyalle, babu allo balle ya cinye. Ashe ke nan lambar da ke gindin hoton ba ta faɗin kome game da kyansa. Alkawari ce kawai ta ɗan kasuwa cewa zai tsaya nan, ƙimarta kuwa gwargwadon amanarsa.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Taron masu fasaha na duniya da aka yi a Biyana a 1960 ya ware bugu na asali, wanda mai zane ya yi allonsa da hannunsa, daga hoton zane da inji ya kwaikwaya. A Amurka, jihar Kalifoniya a 1970 da jihar Niyok a 1981 sun yi dokokin da suka wajabta wa mai sayarwa ya bayyana yadda aka yi bugun da yawan abin da aka buga. Dokar ba ta tashi ba sai da aka ga bukatarta. Har wa yau masu bugawa sun sami hanyar faɗaɗa alkawarin ba tare da sun karya shi ba. Zane ɗaya a kan fitar da shi hawa-hawa: bugu na gama-gari, da kofen gwajin mai zane waɗanda bisa al'ada su kan kai kashi goma cikin ɗari na adadin, da kofen gwajin kamfani, da masu ɗan zanen fensir a gefe, da masu ƙarin sa hannu, da na ƙyalle. Ko wane hawa da lambarsa da kuɗinsa. Mai riƙe da 37/850 sai ya haɗa hawan duka kafin ya san yawan 'yan'uwan takardarsa a duniya.

3. Sa hannu

Abin da ya raba wannan kasuwa da sauran kasuwannin bugaggun hotuna shi ne sa hannun matuƙa. Kafin ta kafu an riga an share mata fili. Sinimar farmakin madatsun ruwa ta fito a 1955, ta rayuwar Douglas Bader a 1956, ta yaƙin sararin Ingila kuma a 1969, saboda haka yaran da suka tashi bayan yaƙi sun san sunayen matuƙan kamar yadda a ke sanin sunayen jarumawan tatsuniya. Masu zanen jirage na Ingila suka kafa ƙungiyarsu a 1971, Frank Wootton ne shugabanta na farko. Na Amurka suka kafa tasu a 1986. Wanda sunansa ya fi fita a cinikin bugu kuwa shi ne Robert Taylor, mutumin birnin Bath, wanda kamfanin Military Gallery na wannan birni ya shiga buga ayyukansa daga ƙarshen shekarun 1970. Sa'ad da yaran nan suka zama magidanta masu abin hannu, tsofaffin matuƙa kuwa suna nan da ransu sun huta da aiki, sai mai saye da mai sa hannu suka gamu.

Ba abin mamaki ba ne a so sa hannun irin waɗannan mutane. Bader ya rasa ƙafafunsa biyu a haɗarin jirgi a 1931, ya koma tuƙi da ƙafafun ƙarfe, ya yi yaƙi a 1940, Jamusawa suka kama shi a 1941. Adolf Galland, shugaban matuƙan Jamus da ya karɓe shi da mutunci a lokacin, ya zama abokinsa bayan yaƙi, har akwai bugun da suka sa wa hannu tare. Wanda ya riƙe takardar da hannuwan nan biyu suka taɓa ya riƙe wani abu na tarihi, babu ja. Kuma sana'ar ta girmama tsofaffin da dama waɗanda da ba don ita ba da an manta da su, ta sa aka ji labarinsu daga bakinsu, waƙa kuwa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Amma fa wajibi ne a tambaya, me sa hannun ya ke shaida? A gaban alƙali ba a karɓar shaidar mutum sai bisa abin da ya gani da idonsa. Matuƙi ya ga yaƙi, lalle, amma daga cikin ƙuntataccen ɗakin tuƙi ya gan shi, ta gilashin da mai ya ɓata, cikin 'yan daƙiƙoƙi, yana waiwaye kada a harbo shi ta baya. Abin da matuƙa da yawa suka ba da labari shi ne sarari cike da jirage, ƙiftawa da Bisimilla sai ga shi wayam. Zanen kuwa ya kan tsai da mai kallo a cikin iska, 'yan kamu kaɗan daga fiffiken jirgi, inda babu ɗan Adam da ya taɓa tsayawa, ga rana ta faɗo daidai inda a ke so, ga jirgin maƙiyi yana hayaƙi a kusurwar da ta dace. Wannan sura mai zane ne ya tsara ta shekara 40 ko 50 bayan aukuwar abin, daga littattafai da hotunan kyamara da hira. Bugu da ƙari, sau da yawa masu sa hannun ba su halarci ranar da aka zana ba. Sun dai tuƙa irin jirgin, ko sun zauna a rukunin, ko sun yi yaƙi a wannan fage. Takardu ɗari-ɗari a kan tara musu su bi da fensir.

Saboda haka sa hannun yana shaidar abu ɗaya tak: wane ya taɓa wannan takarda, bai kuwa ƙi abin da ke cikinta ba. Wannan shaida ce ta gaskiya, amma ta mutumin ce, ba ta kai ga surar ba. Kuskuren da masu tarawa ke yi, masu talla kuwa ba su gyara musu, shi ne ɗaukar darajar mai sa hannu a jingina wa zanen, har a ga kamar zanen ya zama takardar tarihi. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

4. Sura

In an ajiye lamba da sa hannu gefe, saura sura. Adalci ya wajabta a fara da abin yabo. Gwanayen wannan fanni sun kai matuƙa wajen bin diddigi. Masu saye sun san jirage ƙwarai, ba su yafe kuskure a harafin rukuni ko launin fiffike ko yawan bindigogi, don haka mai zane ya kan yi bincike irin na masanin tarihi kafin ya taɓa fenti. Keith Ferris na Amurka ya yi suna wajen fitar da siffar jirgi da lissafi daga taswirar maƙera, ta yadda ko ta wace kusurwa aka dube shi gaɓoɓinsa na daidai. Shi ya zana katafaren hoton jiragen B-17 a bangon gidan tarihin jiragen sama na Washinton, wanda aka buɗe a 1976, tsawonsa ƙafa 75, tsayinsa ƙafa 25. Taylor kuwa an san shi da gizagizai masu zurfi, da jiragen da a ke ganin gajiya a jikinsu, fenti ya kankare, hayaƙi ya baƙanta gefen inji. Wannan gwaninta ce ta ainihi.

Sai dai daidaita ƙusoshi dabam, faɗin gaskiyar al'amari dabam. Wanda ya bi jerin hotunan da kamfanonin nan suka buga zai ga jirage kaɗan ne ke ta dawowa: Spitfire, Hurricane, Lancaster, Mustang, B-17, da Messerschmitt 109. Ranaku kaɗan ne kuma a ke ta maimaitawa. Lokutan da aka fi so su ne tashi da asuba, da nasara a sama, da komowa gida da almuru bisa gonaki da hasumiyar coci. Wanda ya san waƙoƙin fada zai gane wannan nan da nan, gama aikin maroƙi ke nan. Kirari ba ƙarya ba ne, zaɓe ne. Maroƙi ya kan ambaci doki da mashi da ranar da aka kori maza, ba ya ambaton garin da aka ƙone, domin ba don wannan aka kira shi ba. Ba a zargin kirari don ya zama kirari. Abin zargi shi ne a karanta shi a matsayin tarihi.

Farmakin madatsun ruwa ya isa misali, da ya ke yana cikin abubuwan da aka fi zanawa. A daren 16 ga Mayu 1943 jiragen Lancaster 19 na rukuni na 617 suka tashi da mutum 133 don su fasa madatsun da ke ba masana'antun Jamus ruwa da lantarki. Suka fasa biyu, ta Möhne da ta Eder. Jirage 8 ba su komo ba, mutum 53 suka mutu, aka kama 3. Hoton da aka saba gani shi ne jirgi yana shafar ruwa cikin farin wata, bom yana tsalle ya nufi bango. Ambaliyar da ta biyo baya kuwa ta kashe mutum tsakanin 1,300 da 1,600, mafi yawansu fursunonin yaƙi ne da 'yan aikin tilas da Jamus ta kwaso, da yawa mata daga gabashin Turai. Zanen ya kan tsaya daƙiƙa kaɗan kafin wannan. Haka kuma rundunar jiragen bom ta Ingila ta rasa mutum 55,573 cikin wajen 125,000, birnin Hambug kuwa ya rasa wajen 40,000 a harin watan Yuli 1943. Ko ɗaya daga cikin adadin nan biyu ba a jin nauyinsa a takardar da aka yi don bangon falo.

Wannan zaɓe ya fi nauyi in an zo ga matuƙan Jamus. Sa hannun Galland, da na Erich Hartmann wanda aka lasafta masa jirage 352, da na Günther Rall mai 275, suna cikin waɗanda masu tarawa suka fi nema. Bugun ya kan nuna su a matsayin gwanaye da suka kara da gwanaye, kamar 'yan dambe a dandali. Gwanintarsu ba abin musu ba ce. Amma sararin da babu kome a ciki sai gajimare ya sawwaƙe wa mai kallo mantawa da gwamnatin da suka yi wa aiki da abin da sojojinta ke yi a ƙasa.

Abin da a ke bari ba mutuwa kaɗai ba ce, har da wahalar da ba ta da ado. Daga watan Satumba 1940 zuwa 1943 an sauke jirage fiye da 5,000 cikin akwatuna a Takoradi, aka haɗa su a can, aka tuƙa su ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wadda yanzu a ke kira Njamena, da Hartum har Masar, tafiyar fiye da mil 3,500. Da waɗannan jirage aka riƙe yaƙin hamadar Arewacin Afirka. Hanyar ma tana da asali, domin ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na Ingila da suka taso daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham suka sauka Kano. Kuɗin da mutanen Nijeriya suka tara kuma ya sa aka raɗa wa rukuni na 91, mai tuƙa Spitfire, sunan Nijeriya. Duk da haka ba kasafai a ke cin karo da hanyar Takoradi a jerin bugaggun hotuna ba, balle leburorin da suka share filaye suka yi dakon man jirgi. Dalili a fili ya ke: babu harbi, babu shahararren suna da zai sa hannu.

5. Ma'auni

Kada a ce fenti ne ba ya iya ɗaukar abin da ya wuce kirari, domin masu zanen da suka ga yaƙin da idonsu sun nuna yana iyawa. A 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa kwamitin masu zanen yaƙi ƙarƙashin Kenneth Clark. Paul Nash yana cikin waɗanda aka tura Ma'aikatar Sama a 1940. Ya je Cowley, kusa da Okisfod, inda a ke jibge tarkacen jiragen Jamus da aka harbo, ya zana su a hoton da ya sa wa suna da Jamusanci, Totes Meer, watau Mataccen Teku: fukafukai da gangar jirage sun tattaru kamar raƙuman ruwa da suka daskare ƙarƙashin wata, mujiya ɗaya tana shawagi a nesa. Babu jirgi ko ɗaya mai lafiya a ciki. A 1941 ya zana yaƙin sararin Ingila, inda jiragen suka zama 'yan ɗigo-ɗigo, abin da ya cika ido shi ne fararen layukan da suka bari a sama, da kogi yana murɗawa a ƙasa. Manyan ma'aikatar ba su ji daɗin salonsa ba, har suka raba shi da aikinsu a ƙarshen 1940, domin sun fi son hoton da a ke gane jirgi da fuskar matuƙi. Ashe gardamar da a ke yi a nan ta girmi kasuwar bugu da shekara 40.

Laura Knight ta bi wata hanya a 1943. Ta shiga cikin jirgin Stirling ta zana mutum huɗu suna shirin tashi, ko wanne ya duƙufa bisa aikinsa cikin ƙunci da ɗan haske. Wootton kansa, wanda 'yan sana'ar ke ɗauka ubansu, da ya je Nomandi a 1944 ya zana jiragen Typhoon a Falaise, ya cika rabin hoton da motocin Jamus da suka ƙone a hanya. Ya nuna jirgi ya kuma nuna abin da jirgi ya aikata.

Daga waɗannan ayyuka huɗu a ke iya fitar da ma'auni, ba kuwa tsanani aka yi ba, tun da daga cikin fannin aka ɗauko shi. Na farko, a duba inda mai zane ya tsai da mai kallo, ko wuri ne da ke koya masa wani abu game da tashi, ko kuwa inda jirgi ya fi kyau ne kawai. Na biyu, a duba ko sama da ƙasa suna da aiki a hoton ko labule ne aka rataya a bayan jirgi. Na uku, a duba ko akwai mutum a ciki, da tsoronsa ko gajiyarsa ko aikinsa. Na huɗu, a rufe gindin takardar da hannu, lamba da sunaye su ɓace, a ga ko abin da ya saura zai tsai da mai wucewa. Akwai bugaggun hotunan da za su ci wannan jarrabawa, musamman masu nuna makanikai suna aiki cikin sanyi, ko jirgin da ya komo da rauni. Da yawa kuwa ba za su ci ba.

6. Kammalawa

Jarrabawa ta huɗu yanzu zamani ne da kansa ya ke yin ta. Bader ya rasu a 1982, Hartmann a 1993, Galland a 1996, Rall a 2009. George Johnson, na ƙarshe cikin mutum 133 na farmakin madatsun ruwa, ya rasu a watan Disamba 2022. John Hemingway, wanda aka sani shi ne na ƙarshe cikin matuƙa kusan 3,000 na yaƙin sararin Ingila, ya rasu a watan Maris 2025 yana da shekara 105. Sabon bugu bisa waɗannan ranaku ba shi da sauran wanda zai sa masa hannu, shi ya sa a ke ganin kamfanoni suna liƙa tsohon sa hannu da aka yanko daga wata takarda a ƙarƙashin sabon hoto. A nan ɗan zaren da ya rage tsakanin mutum da sura ya tsinke, gama mai sunan bai taɓa ganin zanen ba.

Masu saye na farko su ma sun tsufa, tarinsu yana komawa hannun magada, daga nan kasuwar gwanjo. Mai saye na gaba bai tashi da sunayen nan a kunnensa ba, takarda kuwa tana koɗewa in rana ta same ta, tana tabo in danshi ya shige ta. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Takardar da ke ɗauke da hannun Bader za ta ci gaba da daraja irin ta wasiƙar tsohon sarki, ko da hoton da ke samanta ba kome ba ne. Hoton da ke da kyau na ainihi zai ci gaba da tsai da ido ko babu suna ko ɗaya a gindinsa. Wanda ya dogara ga lamba kaɗai shi ne abin tausayi.

Ga malamin da zai kai irin wannan hoto aji, amfaninsa yana da yawa in an san matsayinsa. Zai nuna wa ɗalibai siffar jirgi daidai, zai kuma nuna musu yadda mutanen Ingila da Amurka na shekarun 1980 da 1990 suka so su tuna da yaƙin iyayensu. Wannan na biyu shi ne ainihin tarihin da ke cikinsa. Labarin yaƙin kansa kuwa sai a haɗa da wasu shaidu, a tambayi ɗalibai wa aka zana, wa aka bari, kuma don wa aka yi zanen, kamar dai yadda a ke tambaya in an kawo waƙar fada gaban masu nazarin tarihi.